Farin Gari a Bakin Almakashi

Auta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Mama, ya jikin Baba? Gaisuwa ta ƙare, sai magana. Likita ya shaida mini a waya cewa jinin Baba ya ƙara hawa. Ta yaya? Ni nake aiko da maganin nan, kai kuma ka rantse mini kullum kana ba shi. To, ko dai mantawa kake yi, ko kana can wajen kallon ƙwallo, tsoho na zaune da kwalba a rufe. Ruwa ba ya tsami banza. Ka faɗa mini gaskiya, ba cinye ka zan yi ba.

Ka huta lafiya,
Yayarka

Yaya,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, sai dai zarginki da ya riga gaisuwarki isowa. Wallahi ya ɓata mini rai. Kullum da safe har shago nake kai masa ƙwayar, in ajiye a kan teburin yanka, kusa da keken ɗinki. Sai ya ce, "Bar ta nan, sai na sa wani abu a ciki." In na dawo, babu ita. Kwalba kuma tana raguwa yadda ya kamata.

Ni dai mai kemis ɗin da kike saye a wurinsa nake tuhuma. Wa ya sani ko jabu yake dumbuza miki? Baba kuwa cewa yake garau yake jin kansa, ko ciwon kai babu, likitan ne mai neman suna. Mama ce ma ke fama da jiri, amma ta ce ita da asibiti sai dai a ɗauke ta a kai ta.

A gaida maigida da yara,
Autanku da ba ya abin kirki

Auta,

Bayan gaisuwa, na kai irin maganin an duba, ba jabu ba ne. Kai kuma, "in na dawo babu ita" ba shi ne "na ga ya haɗiye" ba. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na jin garau, shi kuma yana cinsa ta ciki. Ka faɗa wa Baba wannan ba maganin ciwon kai ba ne da ake jira sai an ji ciwo. Kullum ne, kuma yadda likita ya ce.

Ka zazzage kwandon ƙyallaye, ka duba aljihun tebur, ko zubarwa yake yi. Ban yarda da kowa ba a gidan nan, har shi. Tsoro nake ji, Auta. Da hannun nan ya ciyar da mu, kar mu zuba ido ya shanye.

Allah ya tsare,
Yayarka

Yaya,

Salam. Ki zauna kafin ki karanta. Jiya almakashi ya suɓuce daga hannun Baba yana tsakiyar yanka, bakinsa ya karkace. Muna asibiti. Yana magana, ya gane kowa, amma hannun dama bai dawo ba tukuna.

Da na koma rufe shago, na ɗauki almakashin na ga farin gari a bakinsa. Na sha ganinsa, ina cewa allin zana yadi ne. Allin Baba kuwa shuɗi ne, Yaya! Na ɗanɗana, ɗaci. Na nuna wa Mama, sai ta fashe da kuka. Ashe tun da jirinta ya fara yake raba ƙwayar biyu da almakashin, ya sha rabi, ya ƙulle rabi a ƙyalle ya kai mata. Wai tunda ta ƙi zuwa asibiti, asibiti zai zo mata.

Da na tambaye shi, da karkataccen bakin nan ya ce, "Tun da na aure ta ban taɓa cin abu ni kaɗai ba." Na rasa faɗa zan yi ko kuka. Likita ne ya yi faɗan, sannan ya kama hannun Mama ya auna. Jininta ya fi nasa hawa. Yanzu kowa da maganinsa, kuma ba ma iri ɗaya ba ne.

Ki sa mu a addu'a,
Auta

Auta,

Salam. Ka yafe mini, ka gaida su da jiki. Ina hanya. Kafin in iso, ka tsaya a kansu su biyun har sai ka ga maƙogwaro ya motsa. Almakashin kuma ka goge shi tas, ka kai masa gefen gado. Ka ce masa yadin nan da ya fara yankawa yana nan yana jiransa.

Allah ya ba su lafiya,
Yayarka