Ni na juya kibiyar, ba Idi ba

Assalamu alaikum Anti mai wanga shafi, da ku masu karatu. Ki ɓoye sunana da na garinmu, ki ce kawai wani ƙauye ne kan hanyar Madawa zuwa Buza. Kuma don Allah kada kowa ya fara mini da wa'azi ko zagi, zagin da nike yi ma kaina ya ishe ni. Shawara nike so, kuma da sauri.

Duk garinmu sun tsaya kan magana guda, wai Idi ya koma shan ƙwaya, kansa ya juye, ya saita kibiyar hanya ta nuna dama maimakon hagu, kamyon, wato babbar motar kaya, ya faɗa ƙorama. Mata a bakin rijiya haka suke faɗi, maza a majalisa haka, har uban da ya haife shi haka ya ɗauka. Ƙarya ce. Idi bai sha komi ba, kuma ranar nan hannunsa bai taɓa kibiyar ba sai bayan ɓarna ta auku. Ni na juya ta, da hankalina, idona biyu.

Idi ba sunansa ba ne, na dai sa mai. Ɗan kawuna ne, taubashina, tun muna ƙanana ba mu haɗuwa sai mun yi tsiya. Ya taɓa tafiya bida, wato neman kuɗi, Aljeriya, ya dawo a rame da ɗabi'ar shan tramol. Amma ya bari, wallahi ya bari, gari duka ya shaida, har ya yi ƙiba ya koma sahun gaba a masallaci. Bana da damina ruwa ya cinye radiyen da ke gabas da garinmu, wato gadar nan ta siminti da ke kwance ƙasa ruwan ƙorama na bi ta kanta. Masu gyaran hanya sunka zo sunka fidda wata hanyar ratse ta hannun hagu, sunka kafa kibiya a bakinta. Ga wanda bai san ta ba, wani baƙin allo ne bisa ƙafafun ƙarfe, mutum guda na iya ɗaukarsa, da fitilu rawaya masu gudu suna nuna ma direba inda zai ratse. Batir gare ta da ake cikawa da hasken rana, tun daga nesa kana hango ta ko cikin duhun hadari. Sunka nemi mai tsaronta, mai gari ya ba da sunan Idi. Ranar da ya sa rigar nan tasu mai ƙyalli, Kawu har bakin hanya ya taka da sandarsa don ya gan shi.

To, ga inda matsalata take. Hanyar ratsen nan ta gefen gonarmu ta bi. Babanmu ya rasu, gonar ni da Inna muke nomanta, mu munka yi shuka, mu munka yi noman fari da maimai, bayana har yau bai daina ciwo ba. Da fari sawu guda ne. Sai wuri ya yi caɓi, kowane direba ya zo sai ya ɗan matsa ciki don ya kauce ma laka, na bayansa ya ƙara matsawa. Gero ya yi ciki, yana shirin fidda kai, ni ko kullum da safe in je in tarar da sabon layi kwance, taya ta murje shi cikin taɓo. Kun san yadda mutum ke ji? Na je wurin shef, shugaban masu aikin, na yi mai Faransanci don ya san na zauna aji, ya ce za a duba. Na je wurin mai gari, ya ce hanya ta gwamnati ce, in yi haƙuri. Na dasa ƙaya, sunka taka. Na jera duwatsu, karen mota ya sauka ya watsar da su yana mini dariya. Inna ta ce, "Bari, ɗiyata, abin da Allah ya rage muna shi za mu ci." Ni ban iya wanga irin haƙuri ba, ban taɓa iyawa ba.

Kusan kullum in na taso daga gona sai na biya wurin Idi in miƙa mai fura. Shi ko sai ya fara.

"Ga baiwata ta kawo ma ubangidanta abinci. Durƙusa mana!"

"In durƙusa ma wa? Mai gadin fitila? Kai da turken jaki duk aikinku guda, tsayuwa."

"Ke da kinka yi kolej mi kinka tsinana? Zo nan in koya miki ilimin da ba a ba ku ba. Kin ga wanga ɗan maɓalli na baya? Nan hagu, nan dama. Duk kamyon da ya fito Keita sai ya bi umurnina. Ko gwamna ne."

Na ce to ya juya ta dama mana, motoci su bar muna gona. Don ta hannun dama akwai tsohuwar hanyar amalanke da ke sauka cikin ƙorama ta haye, da rani har ƙananan motoci na bi. Ya daina dariya, ya ce, "A'a hwa. Shef ya ce can rairayi ne. Kar ki ƙara wagga magana." Kun ji, ya gaya mini. Ba ni da bakin cewa ban sani ba.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa da safe can wajen duwatsu, mu ko yayyafi ba mu samu ba. Da marece na je gona na tarar wata babbar mota ta yi baya ciki, ta kwantar da wuri mai faɗin tsakar gida. Na tsaya ina kallo, ƙirjina kamar an zuba garwashi. Na iso wurin Idi ana kiran magariba, gari ya yi duhun hadari. Bai ma lura da fuskata ba, ya ce, "Yawwa, Allah ya kawo ki. Tsaya mini nan in yi salla in dawo, kar awaki su ture ta." Ya tafi masallacin bakin kasuwa. Na zauna kan dutsensa, fitilun nan suna ta gudu suna nuna gonar uwata, suna cewa kowa bismilla. Na leƙa ƙorama, na ga rairayin ya bushe fari fat. Na ce a raina, yau ɗaya dai, su ma su ɗanɗana wahala, in mota ta kafe su sha haƙa, gobe shef zai san da mu. Iyakar muguntar da na nufa ke nan, Allah shi ne shaida. Na zagaya baya na murɗa maɓallin.

Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, ɗan gari ba ya kallon kibiya. Ɗan kabu-kabu ya zo ya bi hagu abinsa, motar kasuwa ta zo ta bi hagu, ko ɗaga kai ba su yi ba, sun san hanya. Har na fara jin haushi, na ce ashe ma aikin banza na yi. Baƙo kaɗai ke yarda da ita. Sai ga kamyon shaƙe da buhunan albasa, direban bai taɓa bin hanyar ba. Na ga ya rage gudu, ya karya kan mota dama. Ina da lokacin da zan ɗaga hannu. Ina da lokacin da zan yi ihu. Mi ya riƙe ni? Har yau ina tambayar kaina. Ya sauka gangaren, ashe saman rairayin ne kawai ya bushe, ƙarƙashi ruwan safe ya jiƙa shi sharkaf. Tayoyin gefe guda sunka nutse, motar ta karkata a hankali kamar raƙumi zai kwanta, sannan ta kife da wata ƙara da ban fatan in sake ji.

Na ruga can, ban ko tuna da kibiya ba. Mutane sunka fito daga masallaci da gudu. Anka fasa gilashi anka jawo direban, dattijo ne mai furfura a gemu, ƙafarsa ta karye har biyu, yana salati yana cewa, "Fitila na bi, wallahi fitila na bi." Kowa ya waiga. Ga ta can tana ta nuna dama. Ga Idi tsaye gabanta da takalmansa a hannu. Ya dubi kibiyar, ya dube ni, sau ɗaya tak. Sannan ya zagaya ya maida ta hagu a gaban idon jama'a. Wani ya ce, "Yanzu ka farka?" Shi ke nan, magana ta zauna.

Anka kai direban gidan likita a Madawa, an ce zai tashi amma da wuya ya koma tuƙi. Jandarmomi sunka zo sunka tafi da Idi, sunka yi mai tambayoyi, ya ce kuskurensa ne. Mai gari ya sa baki anka sako shi, masu aiki sunka amshe rigarsu sunka ba wani. Duk wannan da sauƙi. Kawu ya daina cin tuwo da shi. Ya ce a gaban mutane, "Na ɗauka na samu ɗa, ashe aro anka ba ni." In Idi ya shiga sahu, na kusa da shi sai ya gyara aljihu. Ni ko ana ta yi mini sannu, wai na ga tashin hankali. Inna har rubutu ta amso mini don na daina cin abinci. Kuma abin kunyar, bayan hatsarin shef ya sa anka zuba tsakuwa a hanyar ratsen, anka kafa turaku gefen gonarmu, ba motar da ta ƙara shiga. Geronmu ya fidda kai gwanin kyau. Ni ko ban iya ko kallonsa.

Shekaranjiya na same shi bayan gidansu yana ɗinkin wata tsohuwar jaka. Na ce, "Idi." Ya ce, "Baiwata, yau ba fura?" Yana murmushi, amma bai ɗago ba.

"Bar wasan nan. Ka san ni ce."

"Na san mi? Ni anka ba tsaro, ni na bar wurin. Wa ya aike ni in ba mahaukaciya amana?"

"To ka faɗa musu mana! Mi ya sa ka yi shiru?"

"In faɗa a ce mi? A ce ɗiyar gwaggo ta karya bawan Allah? Ke kin san garinga. Ni sunana dama da tabo, ƙari kaɗan anka yi. Ni namiji ne, in wuri ya yi zahi in tahi. Ke ina za ki? Wa zai zauna da Gwaggo?"

Na tambaye shi jakar ta mece ce. Ya ce ranar kasuwa akwai motar Agadas, daga can Libiya. Na ce ya tuna yadda ya dawo wancan karon. Ya ce, "Aƙalla can ba wanda ya san ubana." Sannan ya nuna ni da allurar hannunsa ya ce, "In kinka buɗe baki, ba ni ba ke har abada. Kar ki sa wahalata ta tashi banza."

Haushi ya kama ni, wallahi har da haushinsa. Wa ya roƙe shi? Ya ɗauki laifina ya aza ma kansa, ya bar ni da abin da ya fi laifin nauyi, kuma wai in ce na gode. In ya shiga hamadar nan ya mutu fa? In ya isa can ya koma ma ƙwayar da gaske, wa ya ba shi? Zan yi aure, in haihu, in riƙa gaisa Kawu da safe, shi ko yana tsine ma ɗansa a kan abin da na yi? Wani lokaci sai zuciyata ta ce, ai shi ya zaɓa, ki rufa ma kanki asiri, wanda Allah ya rufa ma asiri ba ya tona kansa. Amma asirin nawa da fatar wani anka rufe shi. Kuma ina tsoro, ba zan ɓoye ba. Ina tsoron jandarma, ina tsoron ƴan uwan direban, ina tsoron bakin matan garinmu da ba ya mantuwa. Na fi tsoron fuskar Inna, don Kawu shi kaɗai ne ɗan uwanta da ya rage, shi ke tsaya muna a komi tun rasuwar Baba.

Anti, ku da kunka san shari'a da addini, ku gaya mini. In na faɗa, ɗaure ni za a yi? Haƙƙin direban nan yaya ake fita daga cikinsa, zuwa zan yi in same shi a gadon likita, ko manya zan tura? Inna fa, in fara gaya mata, alhali na san za ta riƙe ƙafata tana kuka ta ce in yi shiru, ko in bari ta ji daga baya? Mi zan yi?

Abu guda dai na riga na yanke, kada kowa ya ɓata bakinsa a kai. Ba zan bari ranar kasuwa ta zo Idi ya shiga motar nan ba. Gobe in Kawu ya dawo daga sallar asuba zai tarar da ni zaune a zaurensa, kuma sai an kira Idi ya tsaya zan yi magana, don uban ya ji a gaban ɗansa. In Idi ya ce ba shi ba ni, ya daɗe bai faɗa ba. Gara ya yi fushin yana cikin gari.