Ƙararrawar Yallaɓai Ta Hana Ni Ɗaukar Jikata

Malama, don Allah ki agaza min da shawara. Abin nan ya ishe ni, kuma kunya ta hana ni faɗa wa abokaina.

Shekara ashirin da shida na yi ina aikin masinja a wani ofis. Maigidana na ƙarshe, wanda muka yi shekara sha ɗaya tare, ba ya kiran sunan mutum. Wata 'yar ƙararrawa ce a kan teburinsa. Bugu ɗaya shayi, biyu fayil, uku kuwa ka shiga uku. Ƙa'idarsa, kafin ƙarar ta mutu kana tsaye a gabansa. Na taɓa fitowa daga banɗaki da takalmi ƙafa ɗaya, kin ji irin aikin.

Bara na yi ritaya, na ce to na huta. Ina! Surukina, Allah ya yi masa albarka, ya sayo wa uwargida na'urar nan ta ɗumama abinci. In ta gama sai ta ce "tin!" Wallahi Malama, ita da ƙararrawar Yallaɓai uwa ɗaya uba ɗaya. Tana yi sai in tsinci kaina a tsaye, hannu a baya, gabana yana faɗuwa, har "Na'am, Yallaɓai!" nake cewa. Uwargida ta samu abin wasa. Ko ruwan da ba ta buƙata sai ta ɗumama, ta leƙo daga kicin wai in kawo mata fayil.

Da farko ni ma dariya nake, sai ranar da 'yata ta zo da jaririyarta, jikata ta fari, wata biyu da haihuwa. Tana barci a cinyata, na'ura ta ce "tin!" Na miƙe zumbur. Ba don kakarta ta yi wuf ta cafe ta ba, da yanzu wani labarin ake yi. Tun ranar 'yata ba ta sake miƙo min ita ba. Ba ta yi min faɗa ba fa, sai dai in na miƙa hannu ta ce, "Baba, bari ta yi gyatsa tukuna." Yau wata guda ke nan yarinyar nan ba ta yi gyatsa ba.

Abin yana ci min rai ƙwarai. Na ce a fitar da na'urar daga gidan, uwargida ta ce sai dai ni in fita. Yaran kuma ba su san abin da na gani a ofishin nan ba, don kullum da fara'a nake dawowa gida. Taɓuwa ce ta fara, ko mai shekara sittin da uku ya riga ya bushe a haka?

Tsohon Masinja

Baba, sannu. Ba taɓuwa ba ce, ƙwazo ne ya yi maka yawa.

Ƙwaƙwalwa tana sauya kanta da abin da aka yi ta maimaita mata. Ƙwayoyin jijiyoyinta suna ƙulla hanya a tsakaninsu, kamar 'yar hanyar da ƙafa ke fitarwa cikin ciyawa. Shekara sha ɗaya jikinka yana koyon cewa wannan ƙarar masifa ce, shi ya sa yake zabura tun tunani bai iso ba. Amma ƙwaƙwalwa ba ta ritaya. A shekarunka tana koyon sabon abu, sai dai a hankali.

Kada a fitar da na'urar, gudun ƙarar ƙara mata ƙarfi yake. Ka sayi irin ƙararrawar nan ta tebur. Ka zauna da shayinka, ka buga da hannunka, ka ja numfashi, ka sake shi a hankali har ya fi na shiga tsawo, don shi ke kwantar da bugun zuciya. Kada ka tashi. Sau goma da safe, sau goma da yamma. Bayan mako biyu ka miƙa wa Mama ta riƙa bugawa, amma da saninka. Mama, ki ji tsoron Allah, a daina ɗumama ruwan banza. Za ka zabura wasu ranakun, ba komai, tsohuwar hanya ba ta gogewa, sabuwar ce ke rinjayarta. In kuma abin ya kai ga gumi ko ciwon ƙirji, ka ga likita.

'Yarka tana da gaskiya, uwa ce ta tsorata. Kai ma kana da taka. Ka ce mata in za ka ɗauki jikar za ka zauna a ƙasa, a cire na'ura daga wuta, ita ma ta zauna kusa. Amma kafin nan ka ba ta labarin ofishin, har da takalmin. A yanzu gani take mahaifinta ya kusa yar mata da 'ya saboda na'urar kicin. Ba ta san da wannan zaburar aka ciyar da ita, aka kai ta makaranta ba.

Allah ya raya jika, ya sa ta yi gyatsarta a kafaɗarka.