Na ce wa dattijo saƙonsa a kulle yake, alhali na san ba haka ba ne

Assalamu alaikum mai kula da shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a saurare ni kafin a zage ni, don ni ma ƙyamar kaina nake ji.

Ni 'yar Kankara ce, kwamfuta na karanta. Ni da yayana muka haɗa wata manhajar waya da manoma daga Yankara har Sabuwa ke sanar da juna motsin ɓarayin daji da ita. Mun ce masu ba mai iya karanta saƙonsu. Yadda take aiki, wayoyi biyu na musayar lambobi da ke kan wani lanƙwasasshen layi na lissafi, su fitar da makullin da su kaɗai suka sani. To bana na gano tamu ba ta duba ko lambar da aka turo mata a kan layin take. Mugu na iya yi ta turo na bogi har ya tsinto makullin mutum, ya karanta komai nashi.

Na nuna wa Yaya. Ko ɗago kai daga tuwonshi bai yi ba. Ya ce, "Ke, ɓarawon daji ne zai zauna lissafi?" Na ce, "Yaya, ba su da 'yan boko a gari masu yi masu aiki?" Ya ce ana shirin karrama shi saboda manhajar, ba zai tsaya gaban jama'a ya ce akwai kuskure ba. Karramawa! A kan rayukan mutane?

Amma nawa laifin ya fi muni. Ranar kasuwar Yankara wani dattijo mai yawan turo rahoto daga ƙauyensu ya tare mu, ya ce, "'Yata, har sunayen masu kai wa ɓarayi labari nake turawa. Ba mai gani, ko?" Yaya ya zuba mani ido. Na ce, "Ba mai gani, Baba." Ya sa mani albarka, ya cika mani hannu da gyaɗa. Wace irin mutum ce ni?

Na rubuta gyaran, amma Yaya kaɗai ke da ikon sakin sabuwar manhaja, kuma ya ƙi. In na faɗa wa duniya, na nuna wa miyagu ƙofa kafin a toshe, kuma na kunyata ɗan'uwana, Inna ba za ta yafe mani ba. In na yi shiru, Baban nan na can yana turo sunaye da amanar maganata.

Me zan yi?