Mussoshin Maƙwabcina Suna Ƙarar Mini Da Ƴan Tsaki

Zuwa ga Gwaggo Amatullah, mai wannan fili,

Assalamu alaikum. Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara tun kafin in aikata abin da zan zo ina nadama. Ni matar aure ce a nan Dakoro. Maigidana direban kamyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Agadas, sai ya yi makonni bai kwana gida ba. Muna da ɗiya biyu mata, duk suna lakwal, wato makarantar boko. Sana'ata kiwon kaji a bayan ɗaki. Ba wasu masu yawa ba ne, kajin gida ne irin namu, amma da su nake sayen sabulu da littattafan yara, su nake kamawa in yanka in baƙo ya sauka ba shiri. Asalinsu kaza guda ce da mahaifiyata ta ba ni daga Sabon Maci a shekarar da ta rasu, shi ya sa ba na kallonsu kamar sauran dabbobi.

Katanga guda ta raba mu da Alhaji Na'Allah, mai sayen gero da wake yana ajiyewa. Matarsa Hamdiya ƙawata ce, ko in ce da can ƙawata ce, don yanzu ban san sunan da zan ba abin da ke tsakaninmu ba. Ita ta zauna da ni a asibiti lokacin da na haifi ƙaramar ɗiyata. Bara bayan kaka, Alhaji ya tare maigidana ya ce a sayar masa da kusurwar bayan gidanmu, inda akurkin kaji yake, zai ƙara magaza ta ajiyar hatsi. Maigida ya so ya yarda, ni na ƙi, na ce to ina zan kai kajina. Da aka gaya wa Alhaji sai ya yi ƴar dariya ya ce ba komai. Gwaggo, tun daga wannan dariyar hankalina bai sake kwanciya ba.

Ba a daɗe ba sai ga mussoshi a gidansu, wai ɓeraye suna fasa masa buhuna. Da fari biyu ne, yanzu sun hayayyafa, har da wani baƙin muzuru mai yagaggen kunne wanda ba ya tsoron mutum. Sannan aka kawo bulo aka jibge a jikin katangarmu ta ɓangarensu, daidai saitin akurkina. Gidan nan nasu yana da faɗi, me ya sa sai nan? Ta kan bulon nan suke hawa su zauna a bisa katanga suna kallon kajina kamar an ba su aiki.

Kazata mai wake-wake ta ƙyanƙyashe, kafin ƴan tsakin su yi fiffike an kwashe fiye da rabi. Ta biyu ma haka. Sau ɗaya na gani da idona, da hantsi, ina wanke-wanke: muzurun nan ya diro ya ɗauki ɗan tsako ya haye katanga, uwar tana binsa da fuka-fuki a buɗe. Na shiga na gaya wa Hamdiya. Ta ba ni haƙuri, ta ce dabba ce ba ta da hankali, za ta yi wa Alhaji magana. Ban ga abin da ya canza ba. Sai ma na fara tsintar ƙayar kifi a gindin katanga ta ɓangarena. Mu ba mu ci kifi ba. Wa ya jefo ta, kuma don me?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zakarana ja, ƙato, mai yatsa guda a karkace. Na wayi gari babu shi, babu gashi, babu jini. Ba a yi kwanaki da yawa ba Hamdiya ta aiko mana da shinkafa da miyar kaza. Gwaggo, kunya nake ji in faɗa, amma sai da na sa cokali na juya naman nan yanki-yanki ina neman ƙafar. Ba a zuba ƙafafu ba. Wannan ma ya tsaya mini a rai, na ce me ya sa aka cire su. Yara suka ci, ni na kasa. Na mayar da kwanon ba tare da na shiga godiya ba, kuma na hana yarana zuwa gidan. Yanzu in mun haɗu a famfo sai gaisuwa ta fatar baki, kowa ta ɗauki bidonta ta wuce.

Na kira maigida a talho, ya yi ta dariya ya ce in bari sai ya dawo. Ƙanena Yazidu kuwa da ya zo cin kasuwa daga ƙauye ya kawo mini maganin ɓera a leda, ya ce in cuɗa da kan kifi in ɗora bisa katanga, magana ta ƙare. Ledar tana nan na soke ta a saman ƙofa. Abin da ya hana ni har yau, ƴar autar Hamdiya ba ta rabuwa da ƴan mussoshin nan, a zane take goya su.

Gwaggo, shin da gangan ake yi mini haka don in gaji in bar musu filin? In sa maganin? Ko in kai ƙara wajen mai unguwa? Na gaji da zama ina gadin katanga.

Mai Kajin Bayan Ɗaki, Dakoro

Amsar Gwaggo Amatullah

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya mayar miki da alherin abin da kika rasa.

Kafin komai, ki sauko da ledar nan daga saman ƙofa yau, ki mayar wa Yazidu abinsa. Guba ba ta san wanda aka yi niyya da ita ba. Kan kifin da kika ɗora zai iya faɗowa ta ɓangarenki kajinki su tsattsage shi, zai iya faɗawa ta ɓangarensu inda yarinyar nan take wasa. Ko da muzurun kaɗai ya ci, kin ɗauki alhakin rai, kuma gobe wani zai maye gurbinsa, domin inda akwai rumbun hatsi akwai ɓera, inda akwai ɓera kyanwa ba za ta yanke ba.

Kina da gaskiya a wuri guda. Kin ga muzurun ya ɗauki ɗan tsako, kin faɗa, ba a yi komai ba. Wanda ya tara dabbobi a gidansa, wajibinsa ne ya kula kada su cuci maƙwabci, kuma Alhaji ya gaza a nan. Amma sauran abubuwan da kika lissafo zato ne. Mai sayen hatsi yana bukatar kyanwa ko ya nemi filinki ko bai nema ba. Kyanwa takan ɗauko ƙayar kifi daga ko'ina ta zo bisa katanga ta ci ta zubar. Bulo kuwa a jikin katanga ake jibge shi a kowane gida. Game da zakara, da wuya kyanwa ta kama ƙaton zakara ta tafi da shi ba gashi ba jini, wannan gaskiya ne. Sai dai zakara yana fita waje, a waje kuwa akwai karnuka, akwai masu wucewa. Mata da yawa ba sa zuba ƙafar kaza a kwanon da za su aika gidan mutane, don suna ganin rashin girmamawa ne. Ba zan rantse miki cewa Alhaji ba ya son filin har yanzu ba, ban san zuciyarsa ba. Abin da na sani shi ne babu mai iya karɓarsa sai kun sayar.

Ga aikin da ke gabanki. Ƴan tsaki ba sa yawo a fili sai sun yi gashi sosai. Ki samu babban kwandon kifewa mai ƙananan idanu, ko ki sa a haɗa miki keji da ragar waya, har samansa a rufe, ki ajiye uwa da ƴaƴanta a ciki da ruwa da tsaki, a inuwa, nesa da katanga. Akurkin ki yi masa ƙofa mai rufuwa da kyau, ki toshe duk wata kafa da yumɓu, ki rufe su tun kafin magariba. Ki daina barin ragowar dusa a ƙasa, ita ke jawo ɓeraye, su kuma su jawo mussoshin. Ki jera ƙaya a bisa katanga daidai wurin da suke zama, in kin ga ɗaya ki watsa mata ruwa. Ki kuma barbaɗa toka kewaye da akurkin da yamma, da safe ki duba sawu. Mai yiwuwa ki tarar ba kyanwa kaɗai ke yi miki ɓarna ba, har da gafiya ko tunku, ban da shirwa da ke ɗauka ta sama.

Batun mai unguwa ki ajiye shi tukuna. Ki shiga wajen Hamdiya da sallama, ki yi mata godiyar abincin nan da ba ki yi ba, ki sake gaya mata asararki ba tare da zargi ba, ki roƙi abu guda wanda za su iya yi: a matsar da bulon. In maigidanki ya dawo, ya daina dariya ya je ya sami Alhaji a kan wannan magana. Yadda suka karɓi wannan ƴar bukata zai nuna miki zuciyarsu fiye da duk abin da kike hangowa daga tsakar gidanki. In sun matsar, ki saki zaton gaba ɗaya, ki bar yara su koma wasansu. In sun ƙi bayan an roƙe su da mutunci, to a lokacin ki je wajen mai unguwa, da abin da idonki ya gani kawai.

Maigidanki matafiyi ne, ɗiyata. Ranar da ciwo ya kama yarinya yana can kan hanya, ƙofar da ta fi kusa da ke ita ce ta Hamdiya. Kada ki rufe ta a kan abin da ba ki tabbatar ba.

Allah ya albarkaci kiwonki, ya raya miki ƴaƴanki, ya daidaita tsakaninki da maƙwabtanki.

Gwaggo Amatullah