Furen da Inna Ta Goga Mana

Yaya Mahbuba,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na dame ki da 'yar wannan magana. Ya jikin Malam, ya yara? Mu nan Sabo lafiya lau, sai dai ruwan sanyi da ya gagare ni sha.

'Yarki Zakiyya, autata, ce ta kai ni wurin likitan haƙori a Mokola, nan Badun, saboda bikinta ya matso. Ta ce, "Mama, don Allah, dangin miji za su ɗauka ba kya wanke baki." Jan haƙorin da Inna ta goga mana da fure da goro don mu yi kyau, yau shi ne ƙazanta.

Likitan ya kankare dattin goro da shayi na sama. Launin da ya shige ciki kuwa, magani ya shafa ya haska fitila, wai shi ke cinye shi. Tun ranar suke tsami. Ban gaya mata ba.

Saura zuwa ɗaya, ran Alhamis. In na ƙi, ta ce kada in yi dariya a hoton biki. In je ko in bari? Don Allah ki amsa mini da wuri.

Ƙanwarki,
Saudat