Kwandon Ganye a Kan Shinge

Litinin, 5 ga Mayu

Awakin Yaya sun shigo lambuna. Na fito da sassafe da bokiti zan yanki fure, sai na tarar da su baje a kan kunyoyin farin wardi suna ci kamar an gayyace su. Gemu ne a gaba, bunsurun nan mai warin tsiya, har da ɗaga ƙafafun gaba yana jawo reshe. Na ɗauki rabin bulo na jefe shi. Na kuskure, bulon ya fasa mini tukunyar dashe.

Furen nan na bikin ranar Asabar ne, mai ɗakin taro ta daɗe da yi mini magana. Abin da suka bari bai taka kara ya karya ba.

Na je bakin shinge na ƙwala wa Yaya kira. Ya fito yana sakace, wai, "Auta, dabba ce fa, ina ta san biki?" Na haura hamsin, furfura ta fito, amma har gobe ni ce Auta, kuma maganata wasan yara ce a wurinsa.

Laraba, 7 ga Mayu

Rigimar shinge. Tun da Inna ta rasu muka raba filin gidan biyu, shi garke ni lambu, ba wanda ya sake taɓa shingen da ke tsakani, duk ya ruɓe. Na ce ya gyara tunda dabbobinsa ke ƙetawa. Ya ce in gyara tunda furena ke kiransu. Sannan ya ƙara da cewa, "Ke kika koya musu ɗanɗanonsa. Wa ke rataye musu kwando kullum?"

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Kowane karan fure sai an zage masa ganyen ƙasa kafin a ɗaura dami, in ba haka ba ya ruɓe cikin ruwa ya yi wari. Inna kuwa ba ta zubar da abu. Kwando biyu ta tanada. Farin na awaki ne, a cika shi da ganye a rataye a ƙusar shinge, Yaya ya zo ya ɗauka ya juye musu. Ɗayan mai jan ƙyalle a hannu na Shu'uma ne, itacen nan na bakin rijiya mai furen ruwan hoda. Inna ce ta sa masa sunan. Kyau kamar me, amma ganyensa kaɗan ya isa ya kashe akuya. Binne shi ake yi, ko ƙonawa ba a yi don hayaƙinsa ma cuta ne. Haka na tashi na gani, haka nake yi, kuma Yaya bai taɓa leƙa cikin farin kwandon ba.

Da rana na zauna kan bargon faci. Zannuwan Inna ne na yayyanka ƙyalle-ƙyalle ina haɗawa. Tana kwance ta ce, "Ki haɗa wa yayanki, shi ne mai jin sanyi a ƙafa." Ina ɗinki ina zaginsa a zuci. Na soke yatsana, na ƙara zaginsa.

Asabar, 10 ga Mayu

Na kai furen. Na cike gurbin wardi da abin da na samu, na lulluɓe da ganye. Mai ɗakin taro ta ɗaga dami ɗaya da yatsa biyu kamar ta tsinci mataccen ɓera, ta ce, "Wannan ne?" A gaban ma'aikatanta. Ta ce nan gaba za ta nemi wani wuri.

A mota na dawo ina haɗiyar kuka. Daga yau ba kwando. Su ci ƙasa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na karya wa Gemu ƙafa.

Ya sake shigowa, shi kaɗai, ya nufi wardin Inna. Ba na kunyoyi ba, jan nan babba na ƙofar ɗakinta, wanda ta dasa tun muna yara, wanda ban taɓa sayar da ko fure ɗaya daga jikinsa ba. Na rufe ƙofar lambu don kada ya samu hanya. Na ɗauki ƙotar fartanya. Na farko a baya, na biyu a wuya, ya juyo zai tunkuye ni na sakar masa a ƙafar gaba. Na ji ƙarar ƙashin. Ya faɗi yana wani irin kuka kamar mutum, ni kuma ban tsaya ba. Wannan shi ne abin da ba zan gaya wa kowa ba. Ya riga ya faɗi, na ci gaba da dukansa, kuma daɗi nake ji.

Matar Yaya ce ta riƙe ni ta baya tana salati. Yaya ya zo ya saɓi bunsurunsa a kafaɗa ya fita, ko kallona bai yi ba.

Na ci abinci sosai yau.

Talata, 13 ga Mayu

Jiya Yaya ya yanka Gemu, ƙafar ba ta ɗoruwa. Yau da hantsi na ji abu ya faɗo a baranda. Ƙafar ce, da fatarta da kofatonta, ƙashin ya leƙo waje. Ta faɗi dab da bargon.

Ina ɗaga kai na gan shi cikin lambuna da adda. Bai yi gudu ba, tafiyarsa yake yi a hankali. Na gane inda ya nufa, na ruga na tare gaban wardin Inna, na ce, "Yaya, na Inna ne." Ya ce, "Gemu ma jikan akuyar Inna ne." Ya hankaɗe ni da hannu ɗaya na faɗa cikin ƙaya. Ina kwance ina kallo ya sassare shi. Reshe bayan reshe, furen na zuba a kaina, har sai da ya bar kututture bai kai gwiwa ba.

Na tashi na kama shi na gantsara masa cizo a damtse. Ya kife ni da mari, kunnena na hagu har yanzu ƙara yake. Yana fita na bi shi da tulun fure na gilas, ya tarwatse a ƙofar garke.

Tsofaffi biyu, ciki ɗaya. Maƙwabta sun sha kallo ta saman katanga.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ina ta cire ƙaya daga bayana da allurar ɗinki. Ba na iya duban ƙofar ɗakin Inna.

Asabar, 17 ga Mayu

Na yi wa Shu'uma aski yau, ba don lokacinsa ya yi ba. Kwandon jan ƙyalle ya cika taf. Na haƙa ramin binnewa, na tsaya a kansa, ban zuba ba. Na mayar da kwandon bayan rijiya na rufe da buhu.

Garkensa duk abin da ya mallaka ke nan. Da su yake ci, da su yake sha. Ni ma da lambun nake ci.

Litinin, 19 ga Mayu

Bari in rubuta yadda ya faru, tunda ba wanda zan iya gaya wa.

Da safe na juye ganyen Shu'uma cikin farin kwando. Na barbaɗa ganyen wardi a sama ya rufe. Na je na rataye a ƙusa. Na dawo baranda na zauna, na yafa bargon a kafaɗa ina datse zaren gefensa da babban almakashin yadi, ido na kan shinge.

Yaya ya fito zai ba awaki ruwa, ya hango kwandon, ya tsaya. Ya daɗe tsaye. Sannan ya ajiye bokiti ya zo ya sauke shi, ya dubo inda nake. Shatin haƙorana na nan a damtsensa. Ya ce, "Auta, kin huce?"

Na ci gaba da datse zare. Ya ɗan yi murmushi, irin na gefen baki da yake yi in ya san bai kyauta ba, ya juya ya nufi garke. Bai leƙa ciki ba. Na karya masa bunsuru, na cije shi, na jefe shi da gilas, amma ko ganye ɗaya bai ɗaga ya duba ba.

Ban san sanda na tashi ba. Na kutsa ta ɓarakar shinge da gudu, bargon na jan ƙasa, almakashin na hannuna, na manta da shi sam. Ya juyo ya ga mace ta taho masa da ƙarfe tsirara. Ya ɗaga hannu ya kare, ni kuma na kai wa kwandon wawura. Ya cafke ni, na fizge, ya ja, na ja. Bakin almakashin ya shige tafin hannunsa ta gindin babban yatsa ya ɓullo ta baya.

Kwandon ya kife. Awaki suka yo ca a kai.

Na saki komai na faɗa cikinsu, ina shuri, ina duka, ina jan su da ƙaho da kunne. Wata ta riga ta ɗauki ganye, na danne ta na cusa hannu cikin bakinta na zaƙulo, ta tauna mini yatsu. Yaya na tsaye jini na ɗiga daga gwiwar hannunsa, yana kallon ƙasa. Dogayen ganyen nan masu tsini, ai shi ma ɗan Inna ne, ya san su. Ya ce, "Shu'uma," a hankali, kamar yana gaishe da wani. Sai ya zare almakashin da kansa ya jefar, ya taya ni kora da ƙafa har muka tura su ciki muka rufe.

Na durƙusa na tsince ganyen ɗaya bayan ɗaya cikin kashin awaki. Da na ɗago na ga ya jingina da bango, leɓensa ya yi fari. Ba wani ƙyalle kusa sai bargon. Na naɗe hannun da shi na matse da dukkan ƙarfina. Jinin ya ratso ta zanen Inna mai ruwan ganye, wanda take ɗaurawa in za ta shiga lambu.

Bai ce komai ba. Da ma ya mare ni.

Talata, 20 ga Mayu

Mai motar da ke kai mini fure ne ya kai mu asibiti jiya. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi abin da ya same shi, ya ce, "Shinge nake gyarawa." Ta dubi cizon damtsensa, ta dubi kumburin fuskata, ta ci gaba da aikinta. Ɗinkin nata duk a karkace, da ni ce da na warware na sake. Ta ce babban yatsan da wuya ya koma yadda yake.

Akuyar da na danne ta kwana da zawo, amma ta tashi.

Matar Yaya ta same ni a rijiya. Ta ce, "Auta, ya hana ni kai ƙara. Ki sani ba don ke na yi shiru ba." Na ce na sani.

Asabar, 24 ga Mayu

Na wanke bargon da ruwan sanyi da gishiri, na sake wankewa. Tabon ya ƙi fita, ya shiga har cikin audugar. Zan iya farke ƙyallayen wurin in sa wasu, amma zanen mai ruwan ganye ya ƙare, ba saura.

Na bar shi haka. Na ƙarasa gefen, na naɗe, na ba matar Yaya. Ba ta ce an gode ba, ni ma ban jira ba.

Talata, 27 ga Mayu

Na rataye farin kwando. Ganyen wardi ne zalla.

Ya zo ya sauke. Ya zauna a kan turmi, ya juye a ƙasa gabansa, ya shiga dubawa da hannun hagu, ganye bayan ganye, yana juya kowanne. Hannun daman na rataye a wuya. Ya san ina kallo. Bai yi don ya ƙona mini rai ba, da na gane. Dubawa kawai yake.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da Inna.

Laraba, 4 ga Yuni

Na tone Shu'uma. Wuni na yi ina sara, saiwarsa ta yi nisa, tafin hannuna duk ya fashe. Mai mota ya ce na yi wauta, furensa ya fi kowanne shiga kasuwa. Na ce yana shanye mini ruwan rijiya ne. Kuma ai yana sha.

Itacen shinge na sa an kawo. Ba don kowa ba, mai hannu ɗaya ba zai iya kafa dirka ba, ni kuma ba zan zauna awaki su cinye ni ba.

Kututturen wardin Inna ya fito da toho, jajaye ƙanana. Ban gaya wa kowa ba, amma na ga an zagaye shi da ƙaya ta ɓangaren garke, kuma ba ni na yi ba. Matar Yaya ta shanya bargon a igiya da safe, ke nan ana rufa da shi.

Kwando kuwa kullum ina ratayewa, kullum yana zama ya duba. Yau ma ya zauna. Ya ɗaga na sama, ya tura hannu ya ɗan motsa na tsakiya. Sai ya tashi ya juye musu.

Bai duba har ƙasan kwandon ba. Na lura ne kawai.