Burodin Alkamar Baba

Bunkure, Jihar Kano,
9 ga Afrilu, 2006.

Zuwa ga Yayata Halimatu Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Sunusi da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa zaman Fatakwal ya ci gaba da yi muku albarka. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya kankama. An gama sussukar alkama, ƙanenmu Usaini ya koma kan albasa.

Na san hankalinki yana kan Baba tun da aka gaya miki ya kwanta. Zazzaɓin ya sake shi, amma ya tafi da cin abincinsa. Tuwo, kunu, fate, duk ba su ishe shi kallo ba. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, likita kuma ya ce in ba ya ci, magani ba zai yi aiki ba. Wallahi Yaya, na ji tsoro. Ran nan sai ya ce shi burodi yake marmari, amma ba na kanti ba, na alkamar gonarsa da aka yanke yana kwance.

Ni kuwa da rawar kai na ce wannan ai mai sauƙi ne, tunda na iya funkaso da alkubus. Gwaggo Asta ta kai niƙa, na kwaɓa, na rufe, na zauna jira. Har la'asar ƙullin nan yana kwance kamar an yi masa tsawa. Maƙwabciyarmu Rahma ta leƙo ta ce garin sauri na kashe yis ɗin da ruwan zafi, in riƙa sa mai ɗumi irin na wankan jariri, in jiƙa shi da sukari sai ya yi kumfa. Na yi haka, ya tashi, na fara murna. Amma da na zo mulmulawa sai ya riƙa tsinkewa, in na sa a gwangwani ya baje, in na gasa ya marmashe. Na murza ƙulli har kafaɗuna suka yi tsami, abin dai bai canja ba.

Mitata ce ta ishi Baba, ya ce a kawo masa garin. Ya murza da yatsu, ya ɗanɗana, sai ga shi ya tashi zaune ba wanda ya tallafe shi, yana tambayar wa ya zuba masa shinkafa a alkama. Gwaggo ko a jikinta, ta ce ita ce ta ƙara tsakin shinkafa don gari ya yi fari ya yi auki, wai a Bunkure wane niƙa ne ake yi ba shinkafa. Baba ya ce shinkafa ba ta da danƙo, da me ƙulli zai riƙe kansa? Suka kaure da faɗa irin nasu na wa da ƙanwa. Ni ina bayan ƙofa ina dariya ina hawaye, don rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka har na manta.

Washegari ya nemi hularsa da sandarsa, Usaini ya goya shi a babur da alkama zalla har inji, ya zauna ya tsare mai niƙa da ido sai da aka gama. Ƙullin wannan gari kuwa yana miƙewa ba ya tsinkewa, ya kumbura har ya ɗaga faifai. Na gasa a tukunya da yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Baba ya gutsura, ya tsoma a shayi, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Yana kushewa yana ci har ya cinye guda, ya ce ina sauran. Jiya da rana har malmalar tuwo ya tayar.

Ki gaishe da Malam Sunusi da Abuzar da Ummul-Khairi. Usaini da Rahma suna gaishe ki, haka ma Gwaggo, wadda har yanzu take cewa nata ya fi fari. Baba ya ji labarin kin ɗaure kaya za ki taho jinya. Ya ce in gaya miki ki kwance su sai da Sallah, don ko kin zo yanzu ba za ki same shi a gida ba, yana gona.

Wassalamu, taki har kullum,
ƙanwarki Saude.